Layin Bas na Musamman

Layin bas na musamman wani ɓangare ne na titi da hukuma ke keɓe wa manyan motocin haya, ta hana ƙananan motoci hawansa, ko dai yini guda ko kuwa a lokacin cunkoson safe da na yamma. A wasu garuruwan fenti kawai ake shatawa, a wasu kuma sai an gina ɗan shingen kankare. Akan haɗa shi da danjar da ke fara ba bas hannu kafin sauran motoci.

Hujjar masu tsara birane ita ce mutane ya kamata a ƙirga a kan titi, ba motoci ba. Babbar bas ɗaya takan kwashi mutum 50 ko fiye, alhali motar gida galibi mutum ɗaya ko biyu ne a ciki. Idan suka maƙale wuri guda, masu yawan ne suka fi cutuwa.

Birnin Curitiba na Burazil ne ya yi suna da tsarin tun 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner. Bogota, babban birnin Kolombiya, ta bi sahu a 2000. Legas ta buɗe nata a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, tafiyar kusan kilomita 22. Wasu biranen kuma kuɗi suka ɗora wa mai shiga tsakiyar gari da mota: Singafo a 1975, Landan a 2003.

A Kano, tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu ce ta cika titunan Sabon Gari da Kantin Kwari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutanen karkara na cikin waɗanda cunkoson ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Mace ta yi sammako daga Ringim ko Gezawa da yaro a goye, yana ta zafin jiki, za ta Asibitin Murtala. Motarsu ta sharo gudu a titin Haɗeja, amma daga Yankaba sai tafiyar hawainiya. Haka mai kwandunan tumatir daga Kura yake kallon kayansa na laushi a rana. Irin waɗannan, da ba su da motar kansu, su ne layin bas zai fi yi wa rana.

Sai dai aiwatarwa ba wasa ba ce. Titunan cikin badala ƙunci gare su, da wuya a yanki layi a cikinsu. 'Yan kasuwa na buƙatar wurin sauke dila, shi ya sa wasu birane ke ware wa motocin kaya asuba ko dare. Dubban matasa kuma da adaidaita suke ci da iyali, don haka tsari mai adalci shi ne a bar musu ƙananan hanyoyi su riƙa kawo fasinja bakin tashar bas. Layin fenti ba ya tsare kansa: sai jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, sun tsaya a kai kullum, kuma bas ɗin ta riƙa zuwa a kan kari, ba sai ta jira lodi ya cika ba.