Haƙƙin Fasinja a Turai Idan Jirgin Ƙasa ko Bas Ya Makara

Mai shirin zaga biranen Turai a bazararsu, wato tsakanin Maris da Mayu, yakan sa ido a kan farashin tikiti da lokacin tashi, ba kasafai yake tambayar abin da zai biyo baya idan tafiyar ta sami tangarɗa ba. Alhali kuwa Tarayyar Turai tana da dokoki biyu a kan wannan batu, kuma suna kare kowane fasinja ko da ba ɗan ƙasa ba ne. Ta jiragen ƙasa ita ce mai lamba 2021/782, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yunin 2023, ta manyan bas-bas kuma ita ce mai lamba 181/2011, wadda take aiki tun 1 ga Maris ɗin 2013. Kāriyar da suke bayarwa ba ɗaya ba ce, kuma wannan bambancin ne ya kamata matafiyi ya gina shirinsa a kai.

Dokar jirgin ƙasa ta fi ƙarfi. Idan alamu suka nuna fasinja zai isa masaukinsa da jinkirin minti 60 ko fiye, wajibi ne kamfanin ya ba shi zaɓi: ko a mayar masa da kuɗinsa, ko a kai shi ta wata hanya ba tare da ƙarin ko sisi ba, nan take ko a wata ranar da ya ga ta dace da shi. Idan minti 100 suka wuce daga lokacin da aka tsara tashi ba a sanar da shi wata hanya ba, yana da damar neman wani jirgin ƙasa ko bas da kansa, kamfanin kuma ya biya shi abin da ya kashe matuƙar bai wuce kima ba. Wanda ya ci gaba da tafiya yana da diyya: kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti idan jinkirin ya kai minti 60 zuwa 119, kashi 50 kuma idan ya kai minti 120 ko fiye. Wanda ya sayi tikitin yuro 80 ya isa da jinkirin awa biyu da rabi, ke nan yana bin yuro 40, kuma yana da ikon cewa kuɗi yake so, ba takardar rangwame ba. Abinci da abin sha suna kan kamfanin idan ana iya samunsu, haka ma otal idan kwana ya kama.

Sai dai dokar 2021 ta buɗe wa kamfanoni ƙofar da ba su da ita a da. Ba sa biyan diyya idan suka tabbatar cewa abin da ya fi ƙarfinsu ne ya jawo jinkirin, kamar mummunan yanayi, bala'in ƙasa, annoba, satar wayoyin layin dogo ko mutane a kan layin. Yajin aikin ma'aikatan kamfanin ba ya cikin waɗannan uzurorin, wanda abu ne da ya dace a riƙe, domin yajin aiki ba baƙo ba ne a layukan dogon Faransa da Jamus. Ko a inda diyya ta faɗi, haƙƙin mayar da kuɗi ko sauya hanya yana nan daram.

Inda matafiya suka fi yin asara shi ne wajen canjin jirgi. A ce mutum zai tashi daga Paris zuwa Balin, ya sauya jirgi a birnin Kolon na Jamus. Idan ya sayi zangon biyu a ciniki ɗaya daga kamfanin jirgin ƙasa, doka tana ɗaukarsu a matsayin tikiti ɗaya, sai fa idan an bayyana masa ƙarara kafin ya biya cewa yarjejeniyoyi biyu ne daban-daban. Da tikiti ɗaya, idan jirgin farko ya makara na biyu ya tafi ya bar shi, nauyin kai shi Balin yana kan kamfanin, kuma da lokacin isarsa Balin za a auna jinkirin. Idan kuwa ya sayi kowane zango daban don neman araha, jinkirin minti 20 kacal a Kolon zai iya cinye masa tikiti na biyu ɗungurum, ba tare da wani ya biya shi ba. A ganina, ragin 'yan yuro bai kai a ɗauki wannan kasadar ba, musamman a makon Ista da hutun 1 ga Mayu, lokacin da jirage ke cika maƙil, samun kujera a na gaba kuma ya yi wuya.

Dokar bas ta fi sassauci ga kamfanoni. Yawancin haƙƙoƙinta suna aiki ne kawai idan tsawon layin bas ɗin ya kai kilomita 250 ko fiye, kuma lokacin tashi take dubawa, ba lokacin isa ba. Idan aka soke tafiya, ko tashi ya yi jinkirin fiye da minti 120, ko aka sayar da tikiti fiye da kujeru, fasinja zai zaɓi tsakanin mayar da kuɗi da sauya hanya, kuma kamfanin da ya ƙi ba da wannan zaɓi zai ƙara biyan rabin kuɗin tikitin. A tafiyar da aka tsara za ta wuce awa uku, jinkirin fiye da minti 90 a tasha yana wajabta abinci da abin sha, da otal idan akwai buƙata, amma kamfani yana iya taƙaita shi ga kwana biyu, yuro 80 kowane dare. Bas ɗin da ya tashi a kan lokaci ya maƙale a cunkoso na tsawon awa uku kuwa, wannan doka ba ta tanadi diyya a kansa ba.

Saboda haka wanda zai sauka daga bas ya hau jirgin ƙasa a rana ɗaya yana tsakanin dokoki biyu da babu wadda ta ɗauki alhakin mahaɗarsu, abin da zai kare shi kawai shi ne ya bar tazara mai faɗi. Ya kuma lura cewa a ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura agogo gaba da awa ɗaya a ƙasashen Tarayyar, kuma kuskuren lissafin fasinja ba ya jawo diyya.

Ƙasashe suna da ikon cire jiragen cikin gari da na yanki daga wasu sassan dokar, Birtaniya da Suwizalan kuma nasu tsarin suke bi. A dokokin biyu, wa'adin kai ƙorafi ga kamfani wata uku ne, kamfanin zai ba da amsar farko cikin wata ɗaya, kuma wanda bai gamsu ba yana iya kai maganar gaban hukumar da kowace ƙasa ta ɗora wa alhakin tabbatar da bin dokar. Za a nemi tikitin da rasit na abin da aka kashe, kuma fasinjan jirgin ƙasa yana da damar neman ma'aikata su tabbatar masa a rubuce cewa jirgin ya makara ko an soke shi.