Shin injiniyoyi kaɗai ke ƙirƙiro kayan asibiti?

An daɗe ana ɗauka cewa ƙirƙiro kayan asibiti aikin injiniyoyi ne, ita kuwa nas sai dai a kawo mata ta yi amfani da su. Ba laifin mai wannan tunani ba ne, tunda sunan kamfani kawai ake gani a jikin na'ura.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, nas kuma ita ke kwana a gefen gadon majinyaci. A 1954 a Denmark, wata nas ta ga 'yar'uwarta ta daina shiga mutane bayan tiyatar hanji, inda aka buɗe mata ƙofa a ciki don fitar bayan gida. Tsoron yoyo da wari ya tsare ta a ɗaka. Sai nas ɗin ta tsara jakar roba mai mannewa a fata, wadda ake yarwa bayan amfani. Wani injiniya mai masana'antar roba ya ƙera ta, bayan matarsa, wadda ita ma ta koyi jinya, ta ganar da shi amfaninta. Fitilar da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta ma, nas ce a Ingila ta fara lura cewa hasken rana na rage rawayar fatarsu.

Mai son tabbatarwa ya bincika rajistar haƙƙin ƙirƙira a intanet, ya ga sunan wa ke kai, ko ya tambayi nas abin da ta taɓa gyarawa a na'urar da take aiki da ita.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani, musamman ɗaliban jinya da na injiniyanci.