Dokar leda da alamomin kare muhalli a arewacin Kamaru da Cadi

Alamar kare muhalli tambari ne ko rubutu da ake bugawa a jikin kaya ko a mazubinsa domin sanar da mai saye cewa an sarrafa kayan ta hanyar da ba ta cutar da ƙasa da ruwa da iska da yawa, ko kuwa cewa kayan zai ruɓe bayan an gama amfani da shi. A arewacin Kamaru da ƙasar Cadi, inda galibin ciniki da mudu da kwano ake yin sa, wurin da talaka ya fi cin karo da wannan alama shi ne jikin leda, domin a kanta ne gwamnatocin ƙasashen biyu suka kafa dokokin muhalli da suka taɓa kowane gida da kowace rumfar kasuwa.

Asalin alamomin

Jamus ce ta fara ba da irin wannan tambari a hukumance a shekarar 1978, da wata alama mai suna Blauer Engel, wato shuɗin mala'ika. Ƙasashen arewacin Turai suka biyo baya da tasu a 1989, sannan Tarayyar Turai ta fito da tambarinta mai siffar fure a 1992, shekarar da aka yi babban taron duniya kan muhalli a birnin Rio na Brazil. Tunanin da ke bayan waɗannan alamomi shi ne wanda rahoton kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 1987, cewa ci gaba mai ɗorewa shi ne wanda ke biyan buƙatun mutanen yau ba tare da ya tauye wa 'yan baya ikon biyan nasu ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zayyana muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, na 12 daga cikinsu kuwa ya shafi yadda ake sarrafa kaya da yadda ake amfani da su.

Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta kasa alamomin gida uku. Kashi na farko shi ne tambarin da wata hukuma mai zaman kanta ke bayarwa bayan ta binciki kayan da kanta. Na biyu shi ne da'awar da mai masana'anta ke yi wa kayansa da bakinsa. Na uku kuwa bayani ne na alƙaluma, wanda ke nuna yawan ruwa da makamashi da hayaƙin da kayan ya ci ko ya fitar tun daga ƙera shi har zuwa jefar da shi. Bambancin da ke tsakanin kashi na farko da na biyu shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya, domin na farko shaida ce ta wani, na biyu kuwa yabon kai ne, kuma da yawa daga cikin rubuce-rubucen da ake gani a kan kayan da ke kasuwannin Garwa da Marwa da Injamena na kashi na biyu ne.

Dokar Kamaru

Uwar dokokin muhalli a Kamaru ita ce doka mai lamba 96/12 ta ranar 5 ga Agusta 1996. A ƙarƙashinta ne ma'aikatar muhalli da ci gaba mai ɗorewa, wadda ake kira MINEPDED, da ma'aikatar kasuwanci suka sa hannu kan wani umarni na haɗin gwiwa a ranar 24 ga Oktoba 2012, wanda ya haramta ƙerawa da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa matuƙar kaurinta bai wuce mikiron 60 ba. An ba masu masana'antu da 'yan kasuwa wata 18 su ƙarar da abin da ke hannunsu, haramcin ya fara aiki a watan Afrilu na 2014. Mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, saboda haka mikiron 60 bai wuce kaurin silin gashi ba, kuma baƙar ledar da ake ƙulla tumatir da barkono a ciki ba ta ko kusa da wannan kauri.

Hikimar wannan iyaka ita ce leda mai kauri tana jure amfani sau da yawa, tana da daraja a wurin masu tsintar kayan narkarwa, iska kuma ba ta kwasar ta cikin sauƙi, alhali siririyar sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Umarnin ya kuma wajabta a rubuta a jikin leda kaurinta, da ko tana ruɓewa ko ba ta ruɓewa, da sunan wanda ya ƙera ta da adireshinsa. Wannan sashe ne ya mayar da dokar leda dokar alama, domin jami'in da ya shiga kasuwa ba ya yawo da ɗakin gwaji, abin da aka rubuta shi yake fara dubawa. Hukumar ma'aunai da ingancin kaya ta ƙasar, ANOR, wadda aka kafa a 2009, ita ce ke da alhakin tsara ma'aunan da ake gwada kaya da su.

Aiwatar da dokar a jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ya gamu da matsalar da ba ta da sauƙin magani, wato tsawon iyaka da Najeriya. Kayan masarufi da yawa daga can suke shigowa, ta hanyar Mubi, ta Banki da Amcide, ta Gamboru da Fotokol, da kuma ta kogin Binuwai zuwa Garwa, a kan babura da cikin kwalekwale, leda kuwa kaya ce marar nauyi da ake iya cusa dubbanta a buhu guda. Jami'ai sukan kai samame su kwace, amma mai sayar da ƙosai ko kunu da ribarta ba ta wuce 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane ƙulli ba, ba za ta iya sayen mazubin da ya ninka ledar da ta saba da ita tsada ba. Dokar da ta hana abu ba tare da ta samar da madadinsa mai araha ba, nauyinta a kan irin wannan baiwar Allah yake sauka.

Dokar Cadi

A Cadi ma sunan abin leda ne, har a bakin masu Larabcin Cadi da Faransanci. An hana shigo da ita tun 1992, amma hanin ya zauna a takarda sai a 2010, lokacin da magajiyar garin Injamena, Marie-Thérèse Mbaïlemdana, ta tilasta aiki da shi a babban birnin. An riƙa bincikar kaya a gadar Ngeli da ta haɗa birnin da garin Kuseri na Kamaru, aka kwace leda a kasuwanni, mata suka koma zuwa cefane da kwando da kwano, kuma waɗanda suka san birnin a wancan lokaci sun ga yadda tituna da bishiyoyi suka rabu da baƙar ledar da ke maƙale musu. Da matsin ya sassauta a shekarun da suka biyo baya, leda ta sake bayyana a kasuwanni. Dokar da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin kare muhalli a ƙasar ita ce mai lamba 14/PR/98 ta watan Agusta 1998.

Cadi ta kuma ɗauki wani mataki mai tsauri a ƙarshen 2008, da ta hana sare ɗanyen itace da cinikin gawayi domin tare kwararowar hamada. Manufar tana da tushe, amma an zartar da ita kafin iskar gas ta wadata, har gidaje da dama a Injamena suka koma girki da kashin shanu da ƙwallon goruba.

Abin da kalmar ruɓewa ke nufi

Bayan 2014 ledoji masu ɗauke da kalmar Faransanci «biodégradable» sun yawaita a shagunan Kamaru, kuma a nan ne mai saye ya fi buƙatar bayani. Leda iri biyu ce ke ɗaukar wannan suna. Akwai wadda ake yi da sitacin masara ko rogo ko dankali, wadda ƙwayoyin halitta ke iya cinyewa ta koma ruwa da iska da taki. Ko ita ma sai da sharaɗi: ma'aunin Turai mai lamba EN 13432 yana buƙatar kashi 90 cikin 100 nata ya ruɓe cikin wata 6, amma a wurin haɗa taki na masana'anta, inda akwai laima da zafin da ya kusa digiri 60. Juji a Marwa cikin watan Maris yana da zafi, amma ba shi da laima, don haka ledar da ta ci wannan jarrabawa a Turai tana iya daɗewa a can ba ta ruɓe ba.

Iri na biyu leda ce ta man fetur kamar kowace, sai dai an zuba mata wani sinadari da ke sa ta farfashe idan rana da iska suka buge ta. Ido yakan daina ganin ta, amma ba ta ɓace ba, ta koma ɓurɓushi ne da ke gauraya da ƙasar gona da ruwan sha. Saboda wannan dalili Tarayyar Turai ta haramta irin wannan leda daga watan Yuli na 2021.

Akwai wasu alamomi biyu da ake yawan fahimta a baibai. Kibiyoyi uku masu bin juna da lamba daga 1 zuwa 7 a tsakiyarsu, waɗanda ake gani a gindin gorar ruwa da bokiti, suna nuna irin robar da aka yi kayan da ita ne kawai, ba alƙawari ba ne cewa akwai mai karɓarsa ya narkar. Kibiyoyi biyu masu naɗe da juna cikin da'ira, da ake gani a kan wasu kayan Turai, ma'anarsu ita ce kamfanin ya biya kuɗin kwashe shara a ƙasar da aka shirya sayar da kayan, kuɗin da ko sisinsa ba ya isowa Garwa.

Illar da ta sa aka yi dokar

Makiyaya da mahauta su ne suka fi kowa sanin ɓarnar leda a wannan yanki. Akuya ko saniya da ke kiwo a bakin gari takan haɗiye ledar da ke da ƙanshin abinci, ta taru a tumbinta ta dunƙule, dabbar ta yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure yake, sai an yanka a ga abin da ya cinye ta. Ga mai dabba wannan asara ce ta jari, domin a nan dabba ita ce asusun gida. Da damina kuma leda takan toshe magudanai, ruwa ya kwanta a unguwa, sauro ya samu wurin hayayyafa, a biranen da ambaliya ba baƙuwa ba ce kamar Injamena da Kuseri da Yagwa. A gona takan hana ruwa ratsa ƙasa, idan aka ƙona ta kuma hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Kafin zuwanta, da ƙwarya da kwando da faifai da ganye ake ɗaukar kaya, duk kuwa abubuwa ne da ƙasa ke cinyewa ba tare da an buga musu tambari ba.

Kayan da yankin ke fitarwa

Alamar muhalli tana da wata fuska ga manomin yankin, domin shi ma mai sayarwa ne. Audugar arewacin Kamaru, wadda kamfanin Sodecoton mai hedikwata a Garwa ke saye tun kafuwarsa a 1974, tana shiga kasuwannin da masu saye ke tambayar yadda aka noma ta. Tsarin shaida na Cotton made in Africa, wanda wata gidauniya ta birnin Hambug na Jamus ta kafa a 2005, ya hana amfani da irin da aka sauya wa halitta, da noman ban-ruwa, da wasu magungunan ƙwari masu haɗari, da sa yara aikin da ya fi ƙarfinsu. Cadi kuma tana cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya bayan Sudan, ƙaron da ake gani da lambar E414 a jikin kwalaben lemo da takardun alawa. Itatuwan ƙaro suna riƙe ƙasa, suna ƙara mata albarka, don haka cinikinsa yana ba manomi dalilin barin itacen a tsaye maimakon mayar da shi gawayi.

Cikas ɗin shi ne kuɗin shaida. Mai binciken da zai tabbatar da kayan sau da yawa daga waje yake zuwa, ana biyan sa kowace shekara, ana kuma buƙatar rubutaccen tarihin kowace gona, abin da manomi guda mai kadada ɗaya ko biyu ba zai iya ɗauka ba sai ta hanyar ƙungiya. Akwai kuma batun harshe, domin ana rubuta alamomi da Faransanci da Ingilishi a Kamaru, da Faransanci da Larabci a Cadi, alhali cinikin kasuwa da Fulatanci da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa ake yin sa. Shi ya sa bayanin dokar leda ya fi isa ga jama'a ta gidajen rediyon al'umma da bakin sarakunan kasuwa da masu unguwanni fiye da ta rubutun da ke jikin ledar kanta.