Dokar da ta ba mai shaida damar ƙin rantsuwa a kotunan Ingila, da wahalar da 'yan Kweka suka sha kafin a same ta

Idan aka kira mutum ya ba da shaida a kotun Ingila ko ta Wales a yau, kafin ya buɗe baki ma'aikacin kotu zai tambaye shi ko zai yi rantsuwa da littafin addininsa, ko kuwa zai ɗauki alƙawarin faɗin gaskiya ba tare da ya ambaci sunan Allah ba. Dokar Rantsuwa ta 1978 ce ta tanadi wannan zaɓi. Sashe na 5 na dokar ya ce duk wanda ba ya son a rantsar da shi, dole ne a bar shi ya ɗauki alƙawari a madadin rantsuwa, kuma alƙawarin nan nauyinsa a gaban shari'a daidai yake da na rantsuwa. Sashe na 6 ya tsara lafazin, wanda ma'anarsa ita ce mutum ya faɗi sunansa, ya bayyana da zuciya ɗaya cewa shaidar da zai bayar gaskiya ce tsantsa, ba ragi ba ƙari.

Ba a tambayar mai shaida dalilin da ya sa ya ƙi rantsuwa, kuma ba sai ya nuna cewa shi ɗan wata ɗarika ne ko marar addini ba. Wanda ya yi ƙarya bayan ya ɗauki alƙawari ya aikata laifin shaidar zur kamar wanda ya dafa littafi mai tsarki, kuma Dokar Shaidar Zur ta 1911 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Dokar ta 1978 ta kuma toshe wata kafa, domin ta ce wanda ya yi rantsuwa ba zai dawo daga baya ya ce rantsuwar ba ta hau kansa ba saboda a lokacin ba shi da imani da wani addini. Haka nan, idan ba zai yiwu a rantsar da mutum bisa tsarin addininsa ba tare da ɓata lokaci ba, misali idan babu littafinsa a kotun, ana iya umartarsa ya ɗauki alƙawarin a ci gaba da shari'a.

Wannan tanadi da ake gani kamar ƙaramin abu ya samo asali ne daga wata ƙungiyar Kirista da ta ɓullo a Ingila wajajen 1650, wadda mabiyanta ke kiran kansu Abokai, sauran jama'a kuma suke ce musu 'yan Kweka. Jagoransu na farko shi ne George Fox, wanda aka haifa a 1624. Sun yi imani cewa akwai hasken Allah a zuciyar kowane ɗan Adam, saboda haka ba su naɗa limamai ba, ibadarsu kuwa zama ce a yi shiru tare, sai wanda ya ji an motsa zuciyarsa ya tashi ya yi magana. Game da rantsuwa, hujjarsu tana cikin Linjilar Matiyu sura 5, aya 34 zuwa 37, inda Yesu ya hana mabiyansa rantsuwa gaba ɗaya, ya ce i ɗinsu ta zama i, a'a ɗinsu ta zama a'a, sannan wasiƙar Yakubu sura 5, aya 12, ta maimaita wannan umarni. Yawancin sauran coci-coci sun fassara ayoyin da cewa rantsuwar banza ta yau da kullum aka hana, ban da wadda hukuma ta nema. 'Yan Kweka suka ce umarnin a fili yake, ba shi da togaciya.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko zurfi. Sun ce mutumin da sai an sa shi rantsuwa kafin a gaskata shi, ya yarda ke nan cewa yana da magana iri biyu, ɗaya ta kotu wadda dole ta zama gaskiya, ɗaya kuma ta gida da kasuwa wadda za a iya yi mata kwaskwarima. Su kuwa mudu ɗaya suke so a auna maganarsu da shi ko'ina. Wannan aƙida ce ta sa 'yan kasuwarsu suka shahara da yanke farashi ɗaya ba tare da ciniki ba, aka kuma amince musu da ajiyar kuɗi, har iyalansu suka kasance cikin waɗanda suka kafa bankunan Barclays da Lloyds.

Hukumomin wancan zamani ba su kalli lamarin da wannan ido ba. A wurinsu rantsuwa ita ce igiyar da ta ɗaure talaka da sarki, wanda ya ƙi ta kuwa ana zarginsa da shirin tawaye. Tun 1606, bayan yunƙurin da wasu 'yan Katolika suka yi na tarwatsa Majalisa da albarushi a 1605, aka kafa rantsuwar mubaya'a ga sarki. Domin 'yan Katolika aka yi ta, amma sai ta zama tarko mafi sauƙi na kama 'yan Kweka: idan alƙali ya rasa laifin da zai ɗora wa ɗayansu, sai kawai ya miƙa masa rantsuwar, ya san ba zai yi ba. A 1662 Majalisa ta yi doka musamman a kansu, wadda ta mayar da ƙin rantsuwa laifi, haka ma taruwar mutum 5 ko fiye domin ibadarsu. Hukuncin karon farko tarar da za ta iya kai fam 5, na biyu fam 10, na uku kuma a kori mutum daga ƙasa. A 1664 aka gurfanar da Margaret Fell, ɗaya daga cikin manyan jagororinsu, a Lancaster, ta ƙi rantsuwa, aka yanke mata hukuncin ƙwace dukiya da ɗauri sai yadda sarki ya ga dama, ta zauna a kurkuku har 1668. Shi ma Fox an tsare shi a Lancaster, daga bisani a Scarborough, har 1666. Ko a wajen kurkuku ɓarnar tana da yawa, domin wanda ba zai rantse ba ba shi da halin tsayawa ya ba da shaida a kan wanda ya ci bashinsa ko ya sace masa kaya.

Sauƙi ya zo a hankali. Dokar Sassauci ta 1689 ta ba su damar bayyana biyayya ga sarki da baki a maimakon rantsuwar mubaya'a. Sai Dokar 'Yan Kweka ta 1695, wadda ta fara aiki a 1696, ta amince da alƙawari a kotu karo na farko, tare da sharaɗin cewa wanda ya yi ƙarya za a hukunta shi kamar mai shaidar zur. Amma Majalisa ta ba da hannun dama ta karɓe da na hagu. An hana amfani da alƙawarin a shari'ar laifi, an hana su zama cikin ayarin mutanen gari da ke taya alƙali yanke hukunci, an hana su riƙe muƙamin gwamnati mai albashi, sannan a cikin dokar aka sauƙaƙa hanyar ƙwace kayansu idan sun ƙi biyan ushirin coci. Lafazin ma ya raba kan 'yan Kweka, domin ya ƙunshi ambaton cewa ana magana a gaban Allah Maɗaukaki, wanda da yawansu suka ɗauka rantsuwa ce aka sake wa riga. Sai a 1722 aka ba su lafazin da babu ambaton sunan Allah a ciki, kuma kusan shi ne ake karantawa har yau.

A 1828 aka karɓi shaidarsu a shari'ar laifi, a 1833 kuma aka buɗe musu sauran ƙofofin. A wannan shekara ce Joseph Pease ya zama ɗan Kweka na farko da ya zauna a Majalisar Wakilai bisa alƙawari, alhali John Archdale, wanda aka zaɓa a 1698, an hana shi kujerarsa saboda ƙin rantsuwa. Wanda ya faɗaɗa 'yancin zuwa ga kowa ba ɗan Kweka ba ne. Charles Bradlaugh, wanda bai yarda da samuwar Allah ba, an zaɓe shi daga Northampton a 1880, aka yi ta hana shi zama har 1886, kuma fafutikarsa ce ta haifar da Dokar Rantsuwa ta 1888, wadda ta ba da dama ga marar addini da duk wanda addininsa ya hana shi rantsuwa. A Amurka, inda William Penn ya kafa Pennsylvania a 1681 ta zama matattarar 'yan Kweka, tsarin mulkin ƙasar ya bar wa sabon shugaba zaɓin rantsuwa ko alƙawari, kuma Franklin Pierce ya zaɓi alƙawari a 1853.

Har yanzu ana muhawara. Wasu suna ganin barin hanya biyu yana iya cutar da wanda ya zaɓi alƙawari, domin masu sauraro na iya zaton tsoron rantsuwa yake yi saboda ba shi da gaskiya. A 2013 ƙungiyar majistarorin Ingila da Wales ta tattauna shawarar soke rantsuwar addini a koma lafazi ɗaya ga kowa, amma wakilai suka ƙi amincewa. Ina ganin sun yi daidai, domin tilasta wa mai imani ya bar rantsuwar da yake girmamawa bai bambanta da tilasta wa ɗan Kweka ya yi wadda yake ƙyama ba. Abin da ya kamata shi ne alƙalai su riƙa tunatar da masu taya su hukunci cewa doka ba ta fifita ɗaya a kan ɗaya ba.

Nijeriya ta gaji wannan tsari daga dokokin Ingila, kuma Dokar Rantsuwa ta 1963 ta amince da alƙawari a madadin rantsuwa. Shi ya sa a babbar kotu ko kotun majistare ake tambayar mai shaida ko zai rantse da Alƙur'ani, ko da Littafi Mai Tsarki, ko da ƙarfe, ko kuwa zai yi alƙawari. Musulmi da dama sukan zaɓi alƙawarin saboda girman da suke ba Alƙur'ani, ko don ba su da alwala a lokacin. Duk wanda ya zaɓi haka ya sani cewa kotu za ta rubuta shaidarsa ta yi aiki da ita kamar ta wanda ya rantse, kuma idan aka kama shi da ƙarya, tuhumar shaidar zur ce za ta hau kansa.