Jarumar da Gabanta Ke Faɗuwa: Tambayoyin Masu Karatu Kan Yarda da Fargaba

Littattafan soyayya sun kafu a Kano tun shekarun 1980, lokacin da ake sayensu a kasuwa ko a karɓo haya a shagon unguwa. Yanzu galibi a waya ake karanta su, feji-feji, a WhatsApp ko Wattpad. Akwai wani salo da ke tafiya da 'yan mata: jaruma 'yar shekara 18 ko 19, an taɓa cin amanarta ko ta tashi ta tarar auren iyayenta ya mutu, sai ga saurayi mai haƙuri, amma kullum tana cikin zullumin shi ma zai tafi.

Sau uku na karanta wani littafi mai irin wannan jaruma, ji nake kamar ni aka rubuta. Lafiya kuwa?

Lafiya lau, 'yar uwa. Budurwa ba ta iya duban Umma ta ce gabana faɗuwa yake in bai kira ba, kunya ba za ta bari ba. Littafin ya faɗa miki abin da ba a faɗa a tsakar gida. Illa dai karatu har ƙarfe biyun dare, domin rashin barci kansa yana ƙara fargaba.

Abin da ke damun jarumar ciwo ne ko hali?

Kowa gabansa na faɗuwa: ranar jarrabawa, ko ranar da magabatan saurayi za su zo tambaya. Wannan zuwa yake ya wuce. Likitoci suna kiransa ciwo idan zullumin ya mamaye yawancin kwanaki har wata shida ko fiye, mutum ya kasa tsayar da shi, ya shiga hana barci da karatu. Jiki ma yana nunawa: bugun zuciya, gumi a tafin hannu, rawar jiki, murɗawar ciki, ciwon wuya da kafaɗa.

Akwai kuma mai zuwa farat ɗaya. Numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure, yarinya ta ji kamar mutuwa za ta yi. Yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin minti goma sannan ya lafa. A gidaje da yawa nan take ake cewa iskokai ne. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, musamman da yake ƙarancin jini da wani nau'in ciwon maƙoƙo suna kawo irin wannan bugun zuciya, haka ma yawan shan kofi da lemon ƙara kuzari.

Me ya sa take ta tambayarsa ko har yanzu yana sonta, kuma amsar ba ta isarta?

Nan ne marubuta da dama suke dacewa. Ta tura saƙo bayan isha'i. Alama biyu sun yi shuɗi, ga shi a kan layi, minti ashirin shiru. Ta koma ta karanta hirar jiya tana neman inda ta yi laifi. Ta kira sau bakwai. A na takwas ya ɗaga: "Wallahi ina kan keke, yanzu aka kawo wuta, ɗinkin biki nake ƙarasawa." Ta sauke ajiyar zuciya.

Wannan ajiyar zuciyar ita ce tarkon. Hankali ya kwanta na awa ɗaya ko biyu, amma ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ba a samun sauƙi sai an kira, don haka gobe minti goma ma ba za ta iya jira ba. Shi kuma ya fara gajiya, muryarsa ta canza, ita ta ɗauki canjin a matsayin hujja.

Ana warware shi da kaɗan-kaɗan. In sha'awar kiran ta taso, ki jinkirta minti 15, bayan 'yan kwanaki ki mai da shi 30. Ki ajiye wayar a wani ɗaki. Ki shaƙi numfashi kina ƙirga huɗu, ki fesar kina ƙirga shida, na kamar minti biyar; fesarwa mai tsawo ita ke sassauta bugun zuciya. Ki rubuta abin da kike tsoro, washegari ki rubuta abin da ya faru a gefen abin da kika rubuta. Ku kuma tsayar da lokacin waya guda da kowa ya sani. Karɓar lambar sirrin wayarsa ba ta magani, ko da littafi ya nuna hakan a matsayin ƙauna. Mai bincike kullum sai ta samu abin da za ta fassara.

To idan zargin nawa gaskiya ne fa?

Ki duba abin da yake aikatawa, ki ajiye yadda kike ji a gefe. Fargaba ba ta da abin nunawa, yau ta kama nan gobe ta kama can. Zargi mai tushe ana iya lissafa shi: shekara biyu yana zuwa zance, an ce ya turo ya yi ta kwana-kwana, ba ki san gidansu ba, yana karɓar kuɗinki, yana neman hoton da bai dace ba. Wanda duk kika yi tambaya sai ya ce ciwonki ne ya motsa, da ciwon naki yake fakewa. Binciken da magabata ke yi a unguwarsu da wurin sana'arsa ya fi duba waya sau dubu.

A ƙarshen littafin suna yin aure ta warke. Haka abin yake?

A'a, kuma nan ne labarin yake kaucewa. Miji mai cika alkawari yana taimakawa ƙwarai, amma ɗaurin aure ba ya cire ciwo. Fargabar kan sauya wuri ne kawai, ta koma kan dangin miji, ko batun kishiya, ko haihuwa.

Ina zan je a Kano?

Ki fara da likita a asibitin da ke kusa, a auna jini a duba maƙogwaro. In da buƙata za a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Magani iri biyu ne: zaman tattaunawa da ƙwararre na makonni, inda ake koyon irin matakan da ke sama, da kuma ƙwaya idan likita ya ga dacewa. Ƙwayar kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinta, kuma ba a yanke ta lokaci guda. Kada ki sayi baliyam a kemis don wata ta ce yana kwantar da hankali, jiki yana sabawa da shi ya kasa bari. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi, ya raka ki asibiti a ranar.