Waiwaye: yadda jiragen ruwa suka fara shelar kansu a teku

A daren 25 ga Yulin 1956, cikin hazo, jirgin fasinjan Italiya Andrea Doria ya yi karo da jirgin Stockholm na Suwidin a kusa da tsibirin Nantucket na Amurka, mutum 51 suka rasu. Dukansu biyu suna da rada, kuma kowanne ya hango ɗan'uwansa tun da sauran tafiya. Sai dai rada ɗigo kawai take nunawa a allo. Ba ta faɗin sunan jirgi, balle abin da matuƙinsa ke shirin yi.

Haka aka yi ta fama shekara da shekaru. Jami'in da ke aikin dare a ɗakin tuƙi sai ya ɗauki rediyo ya yi kira: jirgin da ke damana, tazarar mil uku, ka ji ni? A mashigi mai cunkoso jirgi huɗu ko biyar na iya zaton da su ake. Wani lokaci wanda ba shi ake nufi ba ya amsa, a shirya da shi yadda za a wuce juna, shi kuwa wanda ke tafe gadan-gadan bai san ana yi ba.

Hatsarin Exxon Valdez a Maris 1989, lokacin da jirgin ya hau duwatsu a ruwan Alaska ya malalar da ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11, ya sa hukumomi suka matsa a kan sanin inda kowane jirgin dakon mai yake. Dabarar da ta yi nasara daga Suwidin ta fito, inda Håkan Lans ya tsara yadda na'urori masu yawa za su yi magana a tashar rediyo ɗaya ba tare da wani ya raba musu lokaci ba. A tsarin da aka sa wa suna AIS, wato tsarin da jirgi ke bayyana kansa ga sauran jirage ta rediyo, ana yanka kowane minti gida 2,250 a kan kowace daga tashoshi biyu na rediyon VHF. Na'urar jirgi takan saurari maƙwabtanta, ta kama gurbin da ba kowa, ta aika saƙonta, ta kuma sanar da gurbin da za ta shiga nan gaba. Agogon GPS ne ke daidaita su duka. Jirgin da ke tafiya yana aika inda yake, saurinsa da inda ya fuskanta duk daƙiƙa 2 zuwa 10. In ya jefa anga, duk minti 3. Suna, girma da tashar da aka nufa suna fita duk minti 6.

A shekarar 2000 Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, ta saka na'urar cikin yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS: wajibi ce ga jiragen fasinja da duk jirgin da ya kai tan 300 mai zirga-zirga tsakanin ƙasashe. An so a bi a hankali daga Yulin 2002, sai harin 11 ga Satumban 2001 ya sauya lissafi. Amurka ta matsa, aka dawo da wa'adin zuwa ƙarshen 2004. A ganina nan ne AIS ya fara ɗaukar kayan da ba nasa ba. An ƙera shi don matuƙa su kauce wa juna, yanzu ana so ya zama ɗan leƙen asiri.

Saƙon kuwa a buɗe yake, duk mai ƙaramar eriya zai kama. Tun a 2004 IMO ta yi tir da masu watsa bayanan a intanet, amma aikin gama ya gama. Shafin MarineTraffic mai nuna inda jirage suke ya taso daga Girka a 2007, an kuma gano cewa saƙon da bai cika wuce mil 20 zuwa 30 a doron ruwa ba yana isa sararin samaniya. Norwe ta harba tauraronta AISSat-1 a 2010, kamfanoni suka biyo baya. Shafin Global Fishing Watch ya fara nuna wa jama'a sawun jiragen kamun kifi a 2016. Da jirgin dakon kaya Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana shida a Maris 2021, a wayoyinsu mutane suka riƙa kallon jerin gwanon jiragen da ke jira.

Raunin tsarin tun asali yake: abin da jirgi ya faɗa game da kansa shi ake gani, ba mai tantancewa. Doka ta yarda kyaftin ya kashe na'urar in yana tsoron 'yan fashin teku, kuma ta wannan ƙofa masu satar kifi da masu dakon man ƙasashen da aka ƙaƙaba wa takunkumi suke ɓacewa. Wasu ma ba sa kashewa, sai su bar ta tana nuna su a wani wuri dabam. A Yunin 2017 jirage kusan 20 a Bahar Aswad suka ga GPS ɗinsu ya ajiye su a filin jirgin sama, a kan tudu. A Yunin 2021 an ga sawun jirgin yaƙin Birtaniya HMS Defender a bakin Sebastofol da ke yankin Crimea, alhali yana ɗaure a tashar Odesa ta Ukraine. Shirun ma yana da nasa farashi: bayan karon da jiragen yaƙin Amurka USS Fitzgerald da USS John S. McCain suka yi da jiragen kasuwa a 2017, inda sojoji 17 suka mutu, rundunar ruwan Amurka ta umarci jiragenta su riƙa kunna AIS a wurare masu cunkoso.

Daga ƙarshen 2023, da 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, wurin rubutu mai haruffa 20 da aka tanada a saƙon AIS don sunan tashar da aka nufa ya samu sabon aiki. Matuƙa suka koma rubuta cewa ba su da alaƙa da Isra'ila, ko dukkan ma'aikatansu 'yan China ne, ko akwai masu gadi da makamai a cikin jirgin.