Waiwaye: Ron Wolf da tsanin mafarautan 'yan wasa a gasar NFL

A gasar zari-rugar Amurka ta NFL, ƙungiya ba ta sayen matashin ɗan wasa da kuɗi kamar yadda ake yi a tamaular Turai. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Afrilu, ƙungiyoyi 32 suke zama su zaɓi 'yan wasan jami'o'i bi da bi har zagaye 7, kuma wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Tunda attajiri ba zai iya rufe kasuwa da kuɗinsa ba, riba tana wurin wanda ya fi ido. Wannan ne ya haifar da sana'ar mafaraucin 'yan wasa, mutumin da ke yawo jami'a-jami'a yana tantance wanda zai yi amfani da wanda ba zai yi ba. Daga cikinsu ne kuma yawancin manyan manajojin ƙungiyoyin suke fitowa.

An yi zaɓen farko ranar 8 ga Fabrairun 1936 a wani otel a Philadelphia, ƙungiyoyi 9 suka ɗauki mutum 81. Babu mafarauci ko ɗaya a lokacin, da labarin jarida da jita-jitar abokai ake aiki. Jay Berwanger, wanda aka fara kira, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Sai a shekarun 1940 ƙungiyar Rams ta ɗauki Eddie Kotal ya riƙa zagaya ƙasar da mota, shi ne kuma ya kawo musu Tank Younger daga jami'ar baƙar fata ta Grambling a 1949. Da aka ga kuɗin tafiya ya yi yawa, sai ƙungiyoyi suka fara haɗa hannu: a 1963 Lions da Eagles da Steelers suka kafa hukumar farauta ta haɗin gwiwa, wadda ta koma BLESTO bayan shigar Bears. A Dallas kuwa Gil Brandt ya shigo da kwamfuta cikin aikin tun shekarun 1960.

A cikin wannan yanayi Ron Wolf ya shigo. An haife shi a 1938 a jihar Pennsylvania, bai taɓa buga wasan a matakin ƙwararru ba. Tsohon soja ne da ya ɗan taɓa aiki a wata mujallar wasan, har Al Davis, koci kuma manajan Raiders ta Oakland, ya ɗauke shi a ƙungiyar a 1963. Aikinsa na farko shi ne zama a ɗaki mai duhu yana juya fim, yana rubuta abin da ya gani. A zamaninsa Raiders suka ɗauki Gene Upshaw a 1967 da Art Shell a 1968, dukkansu daga ƙananan makarantun da manyan ƙungiyoyi ba su cika leƙawa ba, kuma dukkansu sun ƙare a zauren gwarzayen wasan da ke Canton. Wannan darasi na leƙa inda wasu suka raina, Bill Nunn ya fi kowa amfana da shi a Pittsburgh. Ɗan jarida ne baƙar fata da ya san jami'o'in baƙaƙen Kudu kamar tafin hannunsa, ya kawo wa Steelers su Mel Blount da John Stallworth da Donnie Shell.

Matakin ƙasa na tsanin bai canza sosai ba tun wancan lokaci. Ana ba mafarauci yanki, a ce jihohi huɗu ko biyar, ya kama hanya daga Agusta zuwa Nuwamba. Da sassafe yake isa jami'a, ya shafe sa'o'i yana kallon bidiyon wasanni, sannan ya bi mutane da tambaya: kocin motsa jiki, mai kula da raunuka, jami'in da ke bin diddigin karatu, wani lokaci har mai wankin kaya, domin shi ya san yadda yaron yake mu'amala da na ƙasa da shi. Da yamma ya tsaya bakin fili ya kalli atisaye don ya ga ƙirar jiki da idonsa, da dare ya rubuta rahoto a otel, gobe ya wuce gari na gaba. Har rubuta tsawo yana da ƙa'idarsa: idan ka ga 6032, ana nufin ƙafa 6 da inci 3 da biyu bisa takwas na inci. Ana auna tsawon hannu da faɗin tafi, domin mai tare gaba, wato ɗan wasan da ke kare mai jefa ƙwallo, idan hannunsa ya gaza yakan bari abokin hamayya ya riga shi kai hannu ƙirji. A ƙarshen rahoto dole ya saka maki, kuma makin nan yana nan a ajiye da sunansa har ranar da za a zo duba ko ya yi gaskiya.

Daga nan sai wani mafaraucin ya sake duba yaron ba tare da ya karanta rahoton farko ba, don kada ra'ayin wani ya rinjaye shi. A ƙarshen Janairu a haɗu a Mobile ta jihar Alabama a ga zaratan ɗaliban shekarar ƙarshe suna karawa da juna. Sai sansanin gwaji, wanda aka fara a Tampa a 1982, ya zauna a Indianapolis tun 1987. Ana gayyato mutum sama da 300, a gwada gudun yadi 40, da ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, da tsalle. Jama'a gudun suke kallo a talabijin, amma masu sana'ar sun fi damuwa da binciken likita da hirar ido da ido. A nan ake yawan yin ɓarna: yaro ya yi gudun da ya girgiza agogo, sai a manta da bidiyon shekara uku da ya nuna ba ya iya kama ƙwallo. Wata ɓarnar kuma ita ce mafarauci ya ji tsoron kuskure ya ba kowa matsakaicin maki, rahoton da ba ya amfanar kowa. Tom Brady, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan gwarzayen wasan, sai da aka kira mutum 198 kafin a kira shi a 2000.

Wanda ya yi fice a yanki yakan zama mai duba ƙasa baki ɗaya, sannan daraktan farautar jami'o'i, sannan shugaban sashen 'yan wasa, kafin kujerar babban manaja. Akwai reshe na biyu, na masu bin 'yan wasan da suka riga suka shiga gasar, waɗanda aikinsu yake yawaita a ƙarshen Agusta idan kowace ƙungiya ta rage mutanenta daga 90 zuwa 53, ɗaruruwa suka zube kasuwa rana guda. Kwantiragin mafarauta yakan ƙare ne bayan zaɓe, shi ya sa watan Mayu ya zama watan sallama.

Wolf ya hau kujerar sama da wuri, kuma ya faɗo. A 1975 sabuwar ƙungiyar Buccaneers ta Tampa ta ba shi aikin gina tawaga daga tushe. Zaɓensa na farko, Lee Roy Selmon, ya zama gwarzo, amma ƙungiyar ta sha kashi a duk wasanni 14 na 1976, ta jera rashin nasara 26 kafin ta ci na farko. A 1978 ya bar wurin, ya koma ƙarƙashin Davis ya ƙara fiye da shekara goma. Tampa kuwa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kakar 1979 da wasu daga cikin yaran da ya tara, wani ya yi shuka wani ya girbe. Abin da ya ɗauka daga can ya bayyana daga baya: bai sake karɓar kujerar da za a ɗora masa laifi alhali ikon yanke hukunci yana hannun wani ba.

A 1991 yana ƙungiyar Jets ta New York, ya ɗora mai jefa ƙwallo Brett Favre na jami'ar Southern Mississippi a saman jerinsa. Atlanta ta riga su da lamba ɗaya tak, ta ɗauke shi a na 33, Jets suka ɗauki Browning Nagle a na 34. A Nuwamban shekarar shugaban Packers na Green Bay, Bob Harlan, ya miƙa wa Wolf cikakken iko kan harkar wasa. Ya sallami koci Lindy Infante bayan kakar nasara 4 da kashi 12, ya ɗauko Mike Holmgren, sannan a Fabrairun 1992 ya ba Atlanta gurbin zagayen farko don karɓar Favre. A takarda wauta ce: yaron ya jefa ƙwallo sau 4 kacal a shekararsa ta farko, babu wadda abokin wasansa ya kama, biyu suka faɗa hannun abokan hamayya. Likitoci ma sun gano matsala a ƙugunsa, Wolf ya ce a bar shi. Wannan shi ne bambancin mafarauci da manaja. Na farko maki yake rubutawa, na biyu shi ke biyan farashin makin. Favre ya zama gwarzon gasar sau uku a jere daga 1995.

Ana cikin haka dokokin suka sauya. A 1993 aka ba 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare 'yancin zaɓar ƙungiya, a 1994 aka kafa iyakar albashi ta dala miliyan 34.6 ga kowace ƙungiya. Wolf ya ja Reggie White zuwa Green Bay, garin da ya fi kowane ƙanƙanta a gasar, kan dala miliyan 17 na shekara huɗu. A Janairun 1997 Packers suka doke Patriots da 35 da 21 suka ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin gasar. Yana da wata ɗabi'a ta ɗaukar mai jefa ƙwallo a zagayen baya ko da ba ya buƙata, a horar da shi a yi musanyarsa da riba, haka ya yi da Mark Brunell da Matt Hasselbeck. Kurakuransa ma ba ɓoyayyu ba ne. A 1998 ya tsallake Randy Moss ya ɗauki Vonnie Holliday a na 19, maƙwabtansu Vikings suka ɗauki Moss a na 21 ya yi ta gasa musu aya a hannu. Kocin da ya naɗa a 1999, Ray Rhodes, kaka ɗaya ya yi aka sallame shi. Duk da haka ya yi ritaya a 2001 da nasara 92 da kashi 52, aka saka shi a zauren Canton a 2015.

Yaran da ya horar sun bazu. Ted Thompson ya karɓi Packers a 2005 ya ɗauki Aaron Rodgers a na 24. John Schneider ya tafi Seattle a 2010, ya samo Russell Wilson a zagaye na uku. John Dorsey ne manajan Kansas City lokacin da suka yi musanya suka hau na 10 don Patrick Mahomes a 2017. Brian Gutekunst, wanda ya fara da farautar yanki a zamanin Wolf, ya zama manajan Packers a 2018.

Sai dai tsanin ya samu wasu ƙofofi. Iyakar albashi ta kai dala miliyan 279.2 a 2025, don haka lissafin kwantiragi ya zama ilimi mai zaman kansa. Howie Roseman lauya ne da ya shiga Eagles a 2000 ta ofishin albashi, ya zama manaja a 2010, ya ci kofi biyu. Kwesi Adofo-Mensah, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, daga kasuwar hada-hadar kuɗi ya fito ta sashen alƙaluma, Vikings suka naɗa shi a 2022. Ɗan Wolf ɗin kansa, Eliot, ta tsohuwar hanya ya bi: ya fara a sashen farauta na Packers a 2004, sai a 2024 ya karɓi ragamar 'yan wasan Patriots, bayan shekara 20.